Kunnuwa huɗu a saman bene: littafin aikin gano kusurwar jirgi

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Allon rediyon nan, RFSoC 4x2, ya kwana a ɗakina jiya. Aro ne daga ɗakin gwajin sashenmu, kuma Malam ya ce in mayar bayan ƙaramar salla, domin akwai ɗalibai biyu da ke jira. Wata biyar ke gare ni. Shi ya sa na buɗe wannan littafi: duk abin da na taɓa in rubuta shi a ranar, don wanda zai karɓa a hannuna ya ɗora daga inda na tsaya.

Abin da nake so in haɗa ba shi da wuyar faɗa. Eriya huɗu a saman bene, su saurari sigina ɗaya a lokaci ɗaya, ni kuma in faɗi ta wace kusurwa ta fito. Taguwar rediyo tana fara taɓa eriyar da ta fi kusa da inda ta taso, sannan ta isa ga sauran. Idan tsakanin eriya biyu santimita 12 ne, ratar ba ta wuce kashi huɗu cikin goma na nanosakan ba, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Duk aikin nan a kan auna wannan 'yar rata ya tsaya.

Na zaɓi jiragen sama ne saboda su suke faɗin inda suke da bakinsu. Tsarin da ake kira ADS-B yana sa jirgi ya riƙa watsa lambarsa, tsayinsa da wurin da yake a kan megahaz 1090 (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce a sakan), wajen sau biyu a kowane sakan. Ke nan in na'urata ta ce jirgi yana arewa maso yamma, saƙon jirgin da kansa zai gaskata ni ko ya ƙaryata ni nan take. Sararin Kano kuma ba ya rasa jirgi: ga masu tashi da sauka a filin Malam Aminu Kano, ga masu dogon zango da ke ratsawa ta sama.

Bara na gwada wannan da ƙananan rediyoyin RTL-SDR guda huɗu, irin masu kama da filashi da ake soka wa kwamfuta. Na cire agogon uku, na jona su duka a kan na ɗayan, mai megahaz 28.8. Sauri ya zama ɗaya, amma taku bai zama ɗaya ba. Wanda ya taɓa ganin lugude zai gane nufina: mata uku a turmi ɗaya, saurin dakansu ɗaya, amma taɓaryar kowacce tana sauka a nata lokacin. Wannan bambancin lokacin sauka shi nake kira taku a littafin nan, ana kuma auna shi da digiri, zagaye ɗaya 360. A waɗancan na'urori, kowace tana da makaɗinta na ciki, wato ɓangaren da ke ƙirƙirar kaɗin da take kama tasha da shi, kuma duk sanda ka kunna ko ka sauya tasha, kowane makaɗi yana farawa daga inda ya ga dama.

Asalin matsalar tsohuwa ce. Rediyon da aka saba ƙerawa tun zamanin Edwin Armstrong, wajen 1918, ba ya auna sigina a inda ta zo masa. Yana gauraya ta da wani kaɗi da ya ƙirƙira, ya sauko da ita zangon ƙasa inda kayan aiki za su iya riƙe ta. In tashoshi huɗu kake so, wato hanyar sigina ɗaya ga kowace eriya, magauraya huɗu ne, rariyar tace sigina huɗu ko takwas, kowanne da halinsa da kuma yadda zafi ke juya shi. Ayisin (IC) da ke kan wannan allo ya tsallake wannan matakin gaba ɗaya. Yana auna siginar kai tsaye, sau biliyan biyar a sakan, ya mai da ita lambobi, sannan gaurayawa da tacewa su zama lissafi. Lissafi kuwa ba ya jin sanyi ko zafi, abin da ya bayar yau shi zai bayar gobe.

Sunan ayisin Zynq UltraScale+ RFSoC, samfurin ZU48DR. Kamfanin Xilinx ne ya fito da wannan zuri'a a 2017, kafin AMD ya saye shi a 2022. A cikin ayisi ɗaya akwai ADC takwas masu bit 14, su ne masu auna sigina su mai da ita lamba, da DAC takwas masu yin akasin haka, da FPGA da kake tsara wa aiki da kanka, da ƙwaƙwalwar Arm mai tuƙa Linux. Allon, RFSoC 4x2 na Real Digital, ya fito da ADC huɗu da DAC biyu waje. Huɗu nake bukata daidai.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na kunna. Na sa saurin awo a miliyan 4915.2 a sakan, na soka guntuwar waya a tasha ɗaya a matsayin eriya, na zana abin da ya shigo ta manhajar PYNQ da ake sarrafa allon da ita. Na daɗe ina kallon hoton. Tun daga ƙasa har megahaz 2457.6, rabin saurin awon ke nan kamar yadda ƙa'idar Nyquist ta tanada, komai yana shimfiɗe a shafi ɗaya: tashoshin FM a cunkushe tsakanin 88 da 108, hasumiyoyin waya a wajen 800 da 950 da 1800 da 2100, can ƙarshe kuma Wi-Fi ɗin maƙwabta yana ƙyaftawa. RTL-SDR ɗina faɗin megahaz biyu da 'yan kai kawai yake gani a lokaci guda. Shekara nawa ina leƙen garin nan ta ramin makulli, yau aka buɗe mini ƙofar zaure.

Ƙanena, wanda ke aji biyu a babbar sakandare, ya leƙo ya ce, "Yaya, wace tashar ka kamo?" Na ce masa duka. Ya zauna, bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Sai lissafin da ya dawo da ni ƙasa. Kowane awo yana cin bayit biyu, tasha ɗaya ke nan tana fitar da kusan gigabayit 10 a sakan, huɗu kusan 39. Babu kwamfutar da nake da ita da za ta haɗiye wannan. Dole a rage tun a cikin ayisin: makaɗin lissafi ya sauko da 1090 zuwa sifili, a tace, a rage sauri sau 40 zuwa miliyan 122.88, ni kuma in ƙara ragewa sau 10 a FPGA. Ragewar nan riba ce, domin hayaniyar ADC a bazu take a faɗin zangon duka, in ka yanke ka bar megahaz takwas ka zubar da mafi yawanta, kusan desibel 25.

Na yi tunanin AD9081 na Analog Devices, mai ADC huɗu da DAC huɗu, wanda shi ma kai tsaye yake awo. Ayisi ne mai kyau ƙwarai, amma lambobinsa sai sun bi layukan JESD204 zuwa wani FPGA na daban. Ga mutum ɗaya mai aiki da daddare bayan ya taso daga ofis, wanda komai ke cikin gida ɗaya ya fi mini.

Talata, 26 ga Nuwamba

Sau biyu wuta ta ɗauke ana tsakiyar haɗa tsarin FPGA, aikin da ke cin fiye da awa ɗaya a laftof ɗina. Na mayar da teburin gaba ɗaya kan inbata. Ƙurar hunturu ta fara sauka, na ga ta kwanta a kan fankar ayisin, don haka na yi wa allon akwatin katako mai taga biyu da aka lulluɓe da gidan sauro. Ba abin da na auna a wannan makon.

Asabar, 14 ga Disamba

Kafin in hau bene, sai na tabbatar tashoshin huɗu suna ji tare. A nan ɓangaren watsawa ya yi mini rana. Na sa DAC ɗaya ya fitar da kaɗi tsantsa a 1090, na bi da shi ta marage ƙarfi, sannan mai raba sigina gida huɗu, da gajerun kebul huɗu masu tsawo ɗaya zuwa tashoshin. Ga wanda zai gaje ni: wannan sigina a cikin kebul take farawa, a cikin kebul take ƙarewa. Kada a taɓa jona DAC da eriya a wannan zango, ko da wasa, ko na sakan ɗaya. Zangon jiragen sama ne, rayukan mutane na rataye a kansa.

Na ɗauki awon ɗanye, ba gaurayawa. Tashar A da B takunsu a tsaye. C da D ma haka. Amma tsakanin biyun farko da biyun ƙarshe, duk sanda na kashe na kunna sai lamba ta sauya. Na kunna sau goma sha biyu, na jera lambobin a takarda, sai na lura ba barkatai suke tsalle ba: duk tsallen ninkin wani abu ne kusa da 80. Na ɗauki kalkuleta. Awo ɗaya a wannan sauri yana ɗaukar pikosakan 203, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na nanosakan, kuma a 1090 wannan ya yi daidai da digiri 79.8. Ashe wani rukunin yana riga wani da awo ɗaya, ko biyu, ko biyar.

Dalilin a bayyane yake in ka san ginin ayisin. ADC ɗin bibbiyu suke a rukuni, kowane rukuni da masu raba agogonsa da ma'ajiyar jiransa, kuma ba abin da ya tilasta musu su farka tare. Maganin da aka tanada shi ne wani bugu na daban mai suna SYSREF, wanda ke zuwa a hankali ya zama kamar tafin da ake yi wa masu tsere su tashi tare. Sharaɗinsa ya kasance ƙasa da megahaz 10, kuma ya raba sauran agogon ba saura. Na sa ayisin agogo LMK04828 da ke kan allon ya ba da 7.68: 4915.2 a raba 16 ya ba da 307.2, shi kuma a raba 40 ya ba da 7.68 cif, 122.88 ma ninkinsa 16 ne. Na kira aikin daidaita rukunai, na sake kunnawa sau ashirin. Lambar ba ta motsa da ko digiri ɗaya ba.

Wani abu game da agogo da ya kamata ya shiga littafin nan. Mutane suna jin bit 14 sai su ɗauka tsabtar desibel 86 ce a hannu, domin haka lissafin takarda ya ce. Amma in agogon awo yana kakkarwa da femtosakan 100 kacal, kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na sakan, to a 1090 iyakarka desibel 63. Sigina mai saurin kaɗawa tana sauyawa da yawa a cikin wannan ɗan jinkiri. Duk wanda ya ɗauki awon kai tsaye, kuɗin da ya tsira da su daga magauraya a kan agogo zai kashe su.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na kunna gaurayawar lissafi, sai taku tsakanin rukunan ya koma yawo, wannan karon ba ninkin 80 ba, ko'ina yake faɗawa. Kwana uku ina zargin SYSREF, har na sake tsara agogon sau biyu.

Kuskuren nawa ne. Daidaita rukunai ya jera awon ne kawai, bai taɓa makaɗan lissafi ba. Ni kuma na bar su suna farawa da zarar umarni ya iso daga Linux. Tsakanin umarnin rukuni na farko da na biyu akwai mikrosakan da dama, kowanne nanosakan dubu, zagaye ɗaya na 1090 kuwa bai kai nanosakan ɗaya ba. Matsalar bara ce ta dawo cikin sabuwar riga, sai dai yanzu tana da magani na dindindin: a gaya wa makaɗan huɗu su koma sifili su jira, a bar bugun SYSREF guda ya sake su tare. Layi shida na gyara. Abin da ya saura bambanci ne na digiri uku zuwa bakwai tsakanin tashoshi, wanda ba ya sauyawa. Na musanya kebul don in raba na allo da na mai raba sigina, na rubuta kowanne a jikin akwatin.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na sayi babban tire na alminiyam, irin na rabon abincin biki, na kai wa wani dattijon maƙeri a unguwarmu. Tsawon taguwar 1090 santimita 27.5 ne, don haka kowace eriya tsinken tagulla ne mai santimita 6.9, rubu'in taguwa, a tsaye a kan tiren. Huɗun za su zauna a kusurwoyin murabba'i mai gefe santimita 12, ƙasa da rabin taguwa, don kada kusurwa biyu su ba da amsa ɗaya.

Na ce, "Baba, hudar nan in ta goce da milimita ɗaya, aikin ya ɓaci." Ya karɓi takardar da na zana, ya manna ta a tiren da ruwa, ya ɗora tsinin ƙusa a kowane ɗigo ya buga sau ɗaya tak, sannan ya huda. Da na auna a gida da ma'aunin ƙarfe, ban sami inda ya goce da rabin milimita ba. Ya tambaye ni, "Injiniya, dish ne?" Na ce kunnen jin jirgi ne. Ya ce to Allah ya sa a ji alheri.

Kebul ɗin sauka RG-142 ne, mita shida sau huɗu. A cikinsa taguwa tana gajarta zuwa kusan santimita 19, wato kowane milimita digiri 1.9 ne na taku. Na yanke su a jere a kan tabarma, ƙanena yana riƙe da ɗaya bakin.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun hau da tiren. A ƙarƙashinsa akwai akwatin roba mai amfilifaya huɗu masu ƙarancin hayaniya, wutarsu tana hawa ta cikin kebul ɗin. Dole ne a sa su, domin ADC mai awon kai tsaye kunnensa da nauyi: hayaniyarsa ta fi ta amfilifaya mai kyau da sama da desibel 20, siginar jirgi mai nisa za ta nutse a ciki.

Yini guda, jirage bakwai kacal na kama, dukansu na kusa. RTL-SDR ɗin da ke gefe da 'yar eriyarsa ya kama fiye da haka nesa ba kusa ba. Na sauko raina a jagule.

Da daddare na buɗe zangon duka na duba. Siginar hasumiyoyin waya a wajen 950 da 810 sun yi tsayin da ba su yi ba a ɗaki, domin akwai hasumiya a bayan layinmu, ido na ganin ido. A daidai 1090 kuma ga wani tudun hayaniya mai faɗi da ke hawa da sauka. Ninka 950 sau biyu, ka cire 810: 1090. Amfilifayar ce ta ƙoshi har ta fara gauraya su da kanta, ta haifi siginar da babu ita a iska. Na shigo aikin nan da tunanin tunda tacewa ta koma lissafi, rariyar ƙarfe ta zama tarihi. Ba haka ba ne. Lissafi yana tace abin da ya iso shi lafiya, abin da ya gurɓata a hanya kuwa ya riga ya gurɓata.

Akwai ƙarin dalili. Kowane ADC a nan ƙanana takwas ne suke karɓa-karɓa, don haka ƙaramin bambanci a tsakaninsu yana jefa inuwar sigina mai ƙarfi a nisan ninkin 614.4. Cire 614.4 daga 1090, ka samu 475.6, wanda ke farkon zangon talabijin na UHF. Ƙofar da na yi murnar an buɗe mini a Nuwamba, kowa ma ta nan yake shigowa.

Asabar, 18 ga Janairu

Rariya huɗu na 1090 sun shiga, kowace a gaban amfilifayarta. Ana asarar desibel biyu zuwa uku na ji, na yarda da wannan ciniki. Tudun ya ɓace.

Saƙon jirgi gajere ne: share fage na mikrosakan 8, sai bit 112, kowanne mikrosakan ɗaya, jimla 120. FPGA yana tsaron share fagen, in ya gani ya yanko wannan ɗan yanki daga tashoshi huɗu ya miƙa sama. Bit 24 na ƙarshe na tantancewa ne, duk saƙon da bai ci wannan ba ina zubar da shi. Ƙarfe goma da 'yan mintuna na dare na kama wani jirgi yana ƙafa dubu 37 a sama, nisansa ya haura kilomita 300. Lissafi ya ce jirgi mai wannan tsayi ana iya jin sa har wajen kilomita 400 kafin doron ƙasa ya kare shi. Na bi shi minti ashirin, takun tashoshin huɗu yana juyawa a hankali kamar inuwar bango da yamma. Alhamdu lillahi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mako biyu ina fama da abu ɗaya. Da daddare da kuma tsakar rana kusurwar da nake samu tana bin ta jirgi da kyau. Amma tsakanin ƙarfe bakwai da rabi da tara na safe, sai ta karkace da kamar digiri uku, ta daɗe a haka, sannan ta dawo da kanta. Digiri uku ba wasa ba ne: a nisan kilomita 100, digiri ɗaya kilomita 1.75 ne. A tsarina, kuskuren digiri uku na kusurwa yana nufin kusan takwas na taku.

Na fara da zargin allon. Na cire kebul ɗin bene na mayar da siginar gwaji daga DAC, na bar shi tun asuba har hantsi. Bai motsa ba. Ke nan abin a waje yake. Na zargi rariyoyin, amma huɗun a akwati ɗaya suke, sanyi ɗaya suke sha.

Ranar Laraba na hau bene da bargo tun bayan sallar asuba na zauna ina kallo. Hazo ya rufe gari, sanyi yana shiga ƙashi. Da rana ta ɓullo sai na ga abin da ban taɓa kulawa da shi ba. Kebul A da B sun sauka ta bangon gabas, hasken farko a kansu yake faɗawa. C da D na bi da su ta bayan matakala, inda inuwa ke kaiwa har tara. Na taɓa su da bayan hannu: biyu da ɗumi, biyu kamar ƙanƙara.

Abin da ke tsakanin zaren tsakiya da ragar RG-142 wata irin roba ce mai suna tefulon, kuma tefulon yana da wata ɗabi'a sananniya: a wajen digiri 19 na ma'aunin Salsiyas tsarin jikinsa yana sauyawa, tsawon da sigina ke gani a cikinsa ya yi tsalle da ɗaruruwan kaso cikin miliyan. Jin sa kamar ba komai. Amma mita shida na wannan kebul taguwa 31 ne da ɗoriya, kusan digiri 11,300. Kaso 700 cikin miliyan na wannan, digiri takwas ne. A ƙasashen sanyi, wannan matsala a ɗakin gwaji take kama mutane, domin nan ne zafinsu ke zama. Mu a nan safiyar hunturu ce ke ratsa digiri 19 kullum, daga sanyin asuba zuwa zafin hantsi, kuma ni na sa biyu su riga biyu ratsawa da awa ɗaya da rabi.

Na warware su duka, na ɗaure huɗun wuri ɗaya da salatif kowane taƙi, na zura su cikin bututun roba fari, na sauke ta bayan matakala. Jiya da yau karkacewar ba ta kai digiri ɗaya ba.

Na yi ta juya wannan a raina. Ayisin da ke ƙasa yana riƙe tashoshi huɗu a jere da daidaiton da bai kai digiri ɗaya ba, dare da rana, abin da da sai an cika kabad da kayan aiki. Duk kuskuren da ya rage mini yanzu a cikin tagulla da roba da hasken rana yake, a mita shidan da ke tsakanin tire da tebur. A ganina masu koyar da wannan fanni a wurinmu su rage lokacin da suke ba zanen magauraya, su ƙara wa kebul da agogo da rariya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na daina dogara da gyaran da na auna a tebur, tunda bai haɗa da rariya da amfilifaya da eriya ba. Yanzu jiragen ne ke gyara ni. Na san inda benen yake, saƙo biyu na jirgi a jere suna ba ni inda yake, don haka na san takun da ya kamata kowace tasha ta gani. Ina tara saƙonnin kwana ɗaya, in nemo lambobi huɗu da suka fi rage saɓani: gyaran taku uku, da kuma yadda tiren ya karkata daga arewa ta gaskiya. Ina gwada sakamakon a kan jiragen washegari, ba waɗanda aka yi gyaran da su ba. Tiren ya fito a karkace da digiri huɗu daga yadda kamfas ɗin waya ya nuna mini.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya sauya mini lokacin aiki, kuma ya yi daidai. Masu ratsawa tsakanin Turai da kudancin Afirka galibinsu da dare suke wucewa, ni kuma ina farke daga ƙarfe uku har sahur. Saƙonnin kwana goma sun taru.

Ga jiragen da suka wuce kilomita 50, mafi yawan awona yana cikin digiri biyu na gaskiya. Na kusa masu bi ta saman kai ba sa auno da kyau, kuma na san dalili: eriyar tsaye ba ta ji ta tsininta. Wannan halinta ne, ba zan yi faɗa da shi ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne wani yanki tsakanin digiri 55 da 85 daga arewa, inda kuskure ke kaiwa goma, wani lokaci ya wuce, yana lilo dama da hagu yayin da jirgi ke tafiya. Alƙiblar Kano wajen digiri 68 take, don haka na tsaya a bayan tiren na fuskanci inda nake fuskanta in zan yi salla. Babu komai a gabana sai sarari. Na juya baya, sai ga tankin ruwan gidanmu a kan ƙafafunsa na ƙarfe, taku biyar daga tiren. Sigina tana zuwa daga gabas, ta wuce, ta bugi ƙarfen ta dawo, eriyoyin su ji murya biyu a haɗe. Ƙanena ya ce, "Yaya, mu matsar da tankin mana." Na ce Hajiya ba za ta yarda a taɓa mata ruwa cikin azumi ba, tiren za mu matsar.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Tiren ya koma kusurwar kudu, a kan bututun ƙarfe mai mita biyu, sama da kan tankin. Yankin gabas ya sauko zuwa digiri huɗu. Bai kai sauran ba, kuma ina zargin rufin kwanon maƙwabcinmu, wanda yanzu tiren ke hango shi sosai.

Kafin in mayar da allon na so in tabbatar da maganar tefulon, don kada in bar wa na baya zato a matsayin sani. Yanzu zafi ya shigo, ko da asuba ma'aunin da na rataye a bene bai sauka ƙasa da 24 ba, da rana yana taɓa 40. Shekaranjiya na zare A da B daga bututun da gangan, na mayar da su bangon gabas kamar da. In hasken rana kawai ne ke jawo karkacewar, ya kamata ta dawo yadda take. In kuwa ratsa digiri 19 ne, ya kamata ta ragu sosai. Safiya biyu na auna: digiri biyu na taku, a maimakon takwas. Na mayar da su bututu.

Na je wurin Malam jiya da littafin nan da hotunan awo. Ya karanta shafin 19 ga Disamba sau biyu, ya ce ɗaliban da ke jira su ma tashoshi huɗu za su haɗa, don haka in zauna da su ranar Litinin in nuna musu layuka shidan nan. Ya ƙara mini mako uku. A cikinsu zan sa maɗaukan sigina huɗu a cikin akwatin bene, bayan amfilifaya, don siginar gwaji daga DAC ta hau ta kebul na biyar ta sauko ta huɗun, a riƙa auna su kowane minti goma ba tare da jiran jirgi ba. Sai na fara auna yawan abin da zai iya tsiyaya baya zuwa eriya, da marufin om 50 a bakin kowace tasha, kafin in jona komai. Kebul na biyar yana nan na yanke, saura kawunansa biyu.